Yadda ake gano yawan alƙaluman lamba mai babbar fawa da logaridim

Duk lokacin da jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, tambayar nan ba ta barina in huta. Ɗalibai su kawo ta a aji, wasu su biyo ni da ita har bakin ƙofa bayan an tashi: "Malam, an ce mu faɗi alƙaluma nawa ne a cikin 2^100. Kalkuleta ta ba mu wani abu mai ×10 a gefe, da muka gwada 2^400 kuma sai ta rubuta Math ERROR ta yi gum." Na maimaita bayanin a allo har alli ya gaji, shi ya sa na zauna na rubuta shi daki-daki, wanda ya tambaya sai in miƙa masa.

Mu daidaita kalmomi tukuna don kada mu riƙa karo da juna. In na ce lamba, ina nufin adadin gaba ɗayansa. In na ce alƙalami, ina nufin ɗaya daga cikin 0 zuwa 9. Ke nan 4096 lamba ce guda mai alƙaluma 4. A rubutu irin 2^100, ita 2 ɗin ita ce tushe, 100 kuma ita ce fawa, wato a jera 2 har guda 100 a yi ta ninka su. Logaridim kuwa, wato fawar da za a ɗora wa 10 don a sami wata lamba, zan riƙa taƙaita shi da log, kamar yadda yake rubuce a jikin maɓallin kalkuleta.

Kayan aiki

Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. Na farko, littafin teburin log mai alƙaluma huɗu, wanda ɗalibai ke kira fofiga. Shi ne mafi araha, kusan kowane shagon littattafai na kusa da makaranta yana da shi, amma yana da iyakar da za mu zo kanta. Na biyu, kalkuletar kimiyya irin su Casio fx-82 ko fx-991. Ta fi tebur tsada nesa ba kusa ba, kuma jabunta sun cika kasuwa, don haka kafin ka biya ka danna log 2 a gaban mai shago. In ba ta ba ka 0.301029995 da ɗoriya ba, mayar masa da abarsa. Na uku, wayar da ke aljihunka, wadda ba za ka ƙara ko kwabo ba: buɗe kalkuletarta, ka kwantar da wayar a kaikaice ko ka danna alamar ƙarin maɓallai, log zai fito.

Sai takarda da biro. Kuma in son samu ne, ka haddace waɗannan huɗun, don rabin tambayoyin da ake yi daga cikinsu suke fitowa: log 2 = 0.30103, log 3 = 0.47712, log 5 = 0.69897, log 7 = 0.84510.

Mataki na 1: Duba ko ana ma bukatar log

Kafin ka taɓa tebur, ka kalli lambar da kyau. In tushen 10 ne, ko 100, ko 1000, aiki ya ƙare tun ba a fara ba. 10^12 dai 1 ne da sifili 12 a bayansa, alƙaluma 13 ke nan. 1000^4 ma ita ce 10^12, amsa ɗaya.

Haka in ka ga 2 da 5 sun haɗu a tambaya. Kowace 2 in ta auri 5 sai su haifi 10. Ɗauki 4^16 × 5^25. Ita 4^16 daidai take da 2^32. Ware 2 guda 25 ka aurar da su ga 5 guda 25, ka sami 10^25, sauran 2^7 wato 128. Lambar ita ce 128 da sifili 25 a bayanta, alƙaluma 28. Masu shirya tambayoyi suna son irin wannan ƙwarai, don su ga wa zai ɓata minti biyar yana buɗe tebur a kan abin da ido kaɗai zai warware.

Mataki na 2: Nemo log ɗin tushe

A kalkuleta abu ne na dannawa biyu: log, sannan tushen. Log ɗin da muke nufi shi ne mai gindi 10, saboda ƙirgarmu goma-goma take tafiya.

Gargaɗi: kusa da maɓallin log akwai wani mai suna ln. Ba ɗaya ba ne. ln 2 yana ba da 0.6931, in ka yi aiki da shi sai ka ce 2^100 tana da alƙaluma 70, alhali 31 ne. In kalkuletar da ke hannunka ln kaɗai gare ta, raba abin da ta ba ka da 2.302585, wato ln 10, sai ya koma log ɗin da muke so. Masu aiki da Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, su ma su kula, domin math.log a can ln ne, wanda ake so shi ne math.log10.

A tebur kuwa sai an ɗan natsu, domin tebur jela kawai yake bayarwa, ba ya ba da kai. Kai shi ne abin da ke gaban ɗigo, wanda littattafai ke kira karaktaristik, jela kuma abin da ke bayan ɗigo, wato mantisa. Don neman log 7, ka je layin 70, ƙarƙashin 0, za ka ga 8451. Tunda 7 alƙalami ɗaya ce, kanta 0 ne, sai ka rubuta 0.8451. Don log 12, layin 12 zai ba ka 0792, amma 12 alƙaluma biyu ce, kanta 1, saboda haka 1.0792 ne.

Gargaɗi: mantawa da kai shi ne kuskuren da na fi gani a takardun masu aiki da tebur. Yaro ya rubuta log 12 = 0.0792, ya ninka da 20, ya fito da cewa 12^20 alƙaluma 2 ce. Ko ba a koya maka log ba, ai 12 × 12 kaɗai ta kai 144.

Mataki na 3: Ninka shi da fawa

Dokar da duk aikin ya rataya a kanta ita ce, log na a^b daidai yake da b × log a. Fawa tana saukowa ƙasa ta zama abin ninkawa. Shi ya sa lambar da kalkuleta ta kasa ɗauka, log ɗinta ba ya gagarar ta. Kalkuletocin da muka ambata suna tsayawa ne ƙasa da 10^100: za su ɗauki 2^332, amma kana danna 2^333 sai Math ERROR. Log ɗin 2^333 kuwa ɗan 100.24 ne kawai.

Misalan da za mu tafi da su:
2^100: 100 × 0.30103 = 30.103
3^50: 50 × 0.47712 = 23.856
12^20: 20 × 1.0792 = 21.584
5^20: 20 × 0.69897 = 13.9794

Gargaɗi: a kalkuletoci da yawa, kana danna log sai baka ya buɗe da kansa. In ka rubuta log(2 × 100 ba ka rufe bakan bayan 2 ba, log 200 za ta lissafa maka, ta ba ka 2.301. Maganin wannan shi ne ka fara da fawa: 100 × log 2, sannan =. Kuma kada ka kwafi log ɗin a takarda ka sake shigar da shi da hannu. Bar ta ta ninka kai tsaye, don alƙaluman da take riƙe da su a ciki sun fi waɗanda take nuna maka a fuska yawa.

Mataki na 4: Yanke jela, ka ƙara 1

Ɗauki kai, ka jefar da duk abin da ke bayan ɗigo, ka ƙara 1. Amsa ke nan.

30.103 ya zama 30, a ƙara 1, alƙaluma 31. 23.856 ya zama 23, alƙaluma 24. 21.584 ya zama 21, alƙaluma 22.

Dalilin 1 ɗin nan ba boyayye ba ne, kuma wanda ya gane shi ba zai manta da shi a ɗakin jarrabawa ba. log 1 = 0, log 10 = 1, log 100 = 2, log 1000 = 3. Duk lambar da ke tsakanin 1 da 9 log ɗinta sifili ne da ɗoriya, amma alƙalaminta ɗaya. Daga 10 zuwa 99 log ɗinsu 1 ne da ɗoriya, alƙalumansu biyu. Daga 100 zuwa 999, log 2 da ɗoriya, alƙaluma uku. Kullum kai yana bayan yawan alƙaluma da taku ɗaya. Gwada da abin da ka sani: 2^10 = 1024, log ɗinta 3.0103, kai 3, a ƙara 1, alƙaluma 4. Ya yi.

Gargaɗi: yankewa aka ce, ba cikewa ba. An saba mana tun firamare cewa in jela ta kai rabi sai a cike zuwa sama, kuma hannu yana yin haka ba tare da shawara da ƙwaƙwalwa ba. Dubi 5^20. Log ɗinta 13.9794, saura ƙiris ya kai 14. Na taɓa ba aji guda wannan, fiye da rabinsu suka cike zuwa 14, suka ƙara 1, suka kawo min 15. Sai na rubuta musu lambar kanta a allo, 95367431640625, na ce wani ya fito ya ƙirga da yatsa. Goma sha huɗu. Ko jelar 0.9999 ce, kai yana nan a 13 har sai ya taka 14 da ƙafarsa.

In kuma log ya fito cif babu jela, kamar 12 na 10^12, ba a canza komai. A ƙara 1 yadda aka saba, 13.

Mataki na 5: Auna jelar kafin ka yarda da amsar

Nan ne gizo ke saƙa, kuma nan ne littattafai da yawa suke wucewa da gudu. Log ɗin da ka samu a tebur ba cikakke ba ne, an taƙaita shi ne zuwa gurbi na huɗu mafi kusa. Ɗan kuskuren da ke cikinsa ba a ganinsa, amma da ka ninka da fawa, shi ma ka ninka shi.

Ga misalin da nake so kowa ya yi da hannunsa: 2^196. Tebur ya ce log 2 = 0.3010. Ninka da 196, ka sami 58.996. Yanke jela, ƙara 1, alƙaluma 59. Babu matakin da ka tsallake, amma amsar ba daidai ba ce. Danna 196 × log 2 a kalkuleta, za ka ga 59.00188. Alƙaluma 60 ne. Lambar tana farawa da 1004, wato da kyar ta tsallaka kan iyaka, shi kuwa tebur da ya zubar da ɗan 0.00003 sai ya bar ta a wancan gefen.

Yadda za ka kare kanka shi ne ka yi lissafin sau biyu. Tebur mai gurbi huɗu zai iya kaucewa da abin da ya kai 0.00005 sama ko ƙasa. Ke nan ainihin log 2 yana wani wuri tsakanin 0.30095 da 0.30105. Ninka kowannensu da fawa. Ga 2^100, za ka sami 30.095 da 30.105. Kansu ɗaya, 30, saboda haka 31 ta tabbata, ka wuce abinka. Ga 2^196, za ka sami 58.986 da 59.006. Kai ya rabu biyu, tebur ba zai iya raba wannan gardama ba, sai ka nemo log mai gurabe da yawa.

Kada kuma ka ɗauka 0.30103 da na ce ka haddace ta fi ƙarfin wannan tarko. Gwada 2^100000. Da 0.3010 za ka ce 30101. Da 0.30103 za ka sami 30103 cif, ka ƙara 1, ka ce 30104. Duka biyun kuskure ne. Ainihin log 2 shi ne 0.30102999566 da ci gaba, wato 0.30103 ta ɗan zarce shi. In aka ninka da gaskiyarsa 30102.9996 ake samu, amsa 30103. Ɗaya ya gaza da biyu, ɗaya ya wuce da ɗaya.

Abin da nake bi ni dai shi ne, in ƙirga alƙaluman fawar, in ƙara uku ko huɗu, wannan ne mafi ƙarancin guraben log da zan yarda da su. Fawa mai alƙaluma 3 tana son gurabe 6 ko 7. Bayan haka ma in jela ta fito tana farawa da 0.99 ko 0.00, sai na ƙara gurabe na sake. A jarrabawa, in an ba ka ƙimar log a cikin tambaya, yi aiki da wadda aka ba ka, don da ita aka shirya amsar. Wajen jarrabawa kuwa ba ka da uzuri.

Mu gwada da babbar gaske. A watan Oktoban 2024 aka sanar da gano 2^136279841 − 1, lambar da babu mai raba ta sai 1 da ita kanta, wadda Luke Durant ya samo ta hanyar GIMPS, shirin masu sa kai da ke neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta. An ce alƙalumanta 41,024,320. Kana iya tabbatar da wannan da wayarka kana zaune a kan tabarma. Danna 136279841 × log 2, za ka ga 41024319.95. Yanke jela, ƙara 1, ga 41,024,320. Da 0.30103 ka yi aiki, da ka zarce da ɗaya. Da tebur ka yi, da ka gaza da fiye da alƙaluma dubu huɗu. Wanda zai rubuta lambar nan da biro, alƙalami ɗaya kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai haura kwana 470 yana abu ɗaya.

Mataki na 6: In fawa ba ita kaɗai ba ce

Ninkawa da rabawa ba su da wuya. In an ninka fawa biyu, tara log ɗinsu tukuna, sannan ka yanke jela sau ɗaya a ƙarshe. 2^30 × 3^20 zai ba ka 9.0309 + 9.5424 = 18.5733, alƙaluma 19. In rabawa ce, ɗebewa za ka yi maimakon tarawa.

Gargaɗi: kada ka nemi alƙaluman kowacce daban ka haɗa. 2^30 tana da 10, 3^20 ma tana da 10, amma abin da suka haifa 19 ne, ba 20 ba.

Tarawa da ɗebewa su ne log ba ya shiga tsakaninsu. Babu dokar da ta ce log na a + b shi ne log a + log b, duk da ɗalibai suna ƙirƙiro ta kowace shekara. In aka ba ka 2^100 + 3^50, nemi alƙaluman kowacce: 31 da 24. Ƙaramar ba ta isa ta motsa babbar ba, kamar a zuba kofin ruwa ne a madatsar ruwa ta Tiga, amsa 31. Inda za ka yi hattara shi ne in babbar tana bakin iyaka. 10^20 tana da alƙaluma 21, amma 10^20 − 1 tara ce guda 20 a jere. Ita kuwa lambar Durant ta sama, cire mata 1 bai rage komai ba, saboda babu fawar 2 da take faɗawa daidai kan 10, 100, 1000 da 'yan uwansu.

Fawa a kan fawa kuma, a lura da inda baka yake. (9^9)^9 ita ce 9^81, log ɗinta 77.29, alƙaluma 78. Amma 9^(9^9) wata duniya ce daban: sai ka fara lissafa ta sama, 9^9 = 387420489, ka ninka da log 9, wato 0.9542425094, ka sami alƙaluma 369,693,100.

In tushen yana da ɗigo, kamar 1.5^30, hanyar tana aiki, sai dai abin da take ƙirga maka shi ne alƙaluman da ke gaban ɗigo. 30 × 0.17609 = 5.2827, alƙaluma 6, kuma lambar 191751 ce da 'yan kai. In tushen bai kai 1 ba, log zai fito da alamar ɗebewa, tambayar ma sai ta juya ta koma sifili nawa ne bayan ɗigo kafin alƙalamin farko. 0.5^20 tana ba da −6.0206, kuma sifili 6 ne: 0.00000095.

Mataki na 7: Ciro alƙaluman farko daga jelar da ka yar

Jelar nan da muka yanke ba shara ba ce. Ita ce ke ɗauke da farkon lambar. Ɗauki 7^100. 100 × log 7 = 84.5098, alƙaluma 85. Yanzu ɗauki 0.5098 kaɗai ka nemi antilog ɗinta, wato lambar da log ɗinta ya ba da 0.5098, ko dai a shafin antilog na tebur, ko ka danna SHIFT da log a kalkuleta. Za ka sami 3.234. Wato 7^100 tana farawa da 3234, sai wasu alƙaluma 81 su biyo baya. Haka 3^50: jela 0.856, antilog kusan 7.18, lambar kuwa ita ce 717897987691852588770249.

Gargaɗi: a nan kuskuren tebur ya fi saurin bayyana. Da 0.8451 za ka sami 84.51, antilog 3.236. Alƙaluma uku na farko sun dace, na huɗu ya kauce, kuma da fawar ta fi haka girma da ko na farkon ba za ka samu ba. Alƙaluman ƙarshe na lambar kuwa, kada ka wahalar da kanka, log ba ya ganin wannan ɓangaren sam. Wata dabara ce daban ake yi musu.

Mataki na 8: Tabbatar da amsa ta wata hanya

Mafi sauƙi shi ne ƙiyasi da ka. 2^10 ta ɗan haura 1000, wato 10^3. Ke nan 2^100 ta ɗan haura 10^30, wadda ke da alƙaluma 31. Ya dace da abin da muka samu. Tushen da ke tsakanin 10 da 100 kuma, alƙalumansa dole su fi fawar yawa, kada kuma su wuce ninkinta biyu. Wannan kaɗai ya isa ya kama mai mantawa da kai da mai danna ln.

Mai kwamfuta zai iya rubuta =INT(100*LOG10(2))+1 a Excel. Kada ya nemi Excel ya lissafa fawar kanta in ta yi girma, don daga 2^1024 sai ya ce #NUM!. A Python, len(str(2**196)) zai ƙirga maka alƙaluman ɗaya bayan ɗaya ya ce 60, sai dai sababbin fitowarsa suna ƙin mayar da lambar da ta wuce alƙaluma 4300 zuwa rubutu in ba ka ɗaga iyakar ba.

Ga huɗu ka gwada kafin ka rufe littafi: 6^50, 3^100, 11^40 da 2^299. Ya kamata ka sami 39, 48, 42 da 91. In ta ƙarshen ta ba ka 90, da tebur ka yi ta, koma mataki na 5 ka ninka 299 da 0.30095 da kuma 0.30105 ka ga abin da zai faru da kan.